Ƙura da iskar hunturu sun addabi garejina, wace roba zan sa wa ƙofar?

Wani magidanci ne ya aiko da tambayar daga Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Ya ce garejin gidansa yana da ƙofar ƙarfe mai ƙyaure biyu da ke kallon gabas. Tun shigowar hunturu kullum da safe yake tarar da mota ta yi buɗu-buɗu, da dare kuma iska na fito ta ƙarƙashin ƙofar, sanyin yana kaiwa har ɗakin mahaifiyarsa da ke manne da garejin. Ya sayi soso mai gam ya liƙa, bai je ko'ina ba ya ɓanɓare. Yana son sanin robar da zai saya ya toshe ko'ina ruf. A ƙarshe ya ce a cikin garejin yake tayar da janareta idan an ɗauke wuta.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe da kafa su ita ce sana'ata, kuma irin ƙofarka na sha gyarawa a garin nan.

Maganarka ta ƙarshe zan fara ɗauka, don ta fi roba muhimmanci. Kafofin nan da kake son toshewa, a yanzu su ne ke fitar da wani ɓangare na hayaƙin janaretanka. Ranar da ka toshe su alhali yana aiki a ciki, hayaƙin zai nemi wata hanya, hanyar da ta fi kusa kuwa ita ce ɗakin Hajiya. A cikin hayaƙin fetur akwai iskar da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau 200 ko sama da haka. Wanda ya shaƙe ta zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, a ce zazzaɓi ne ke son kama shi, ya je ya kwanta. Wanda ta samu yana barci kuwa ba ta tashinsa. Barin ƙofar gareji a buɗe ba ya wadatarwa. Janareta ya koma fili, kamar mita 6 daga kowace ƙofa ko taga, bakin salansa yana kallon nesa da ɗakuna. Na san ɓarayi ne ke sa mutane shigar da shi ciki. Mai walda zai yi maka kejin rodi mai rufin kwano, buɗe ta kowane gefe, a dasa ƙafafunsa cikin kankare, ka sa kwaɗo. Haka nan ɗumama mota da asuba ƙofa a rufe, da kaskon gawayin da maigadi ko yaron gida ke shiga da shi gareji a daren sanyi, duk iskar ɗaya suke fitarwa. In Allah ya kiyaye aka samu wani ya jigata, a fito da shi sarari nan take a nufi asibiti da shi, ko da ya ce ya ji sauƙi.

To, in mun yi wannan yarjejeniya, sai mu zo kan ƙura.

Abin da ke shigo maka iri biyu ne. Akwai yashi da tarkacen da iska ke ja a ƙasa, wannan ta ƙarƙashin ƙofa yake shiga, kuma ana iya tare shi kusan gaba ɗaya. Akwai kuma farar ƙurar hazo mai laushi, wadda iskar arewa maso gabas ke ɗaukowa daga Sahara tsakanin Nuwamba da Maris, da yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Ita a sama take rataye, ƙwayarta ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, kuma duk lokacin da ka buɗe ƙofa za ka fita da mota sai ta shigo. Ana rage ta sosai, amma kada wani ya karɓi kuɗinka da alkawarin ba za ka ƙara ganinta ba.

Kafin ka sayi komai, ka bar garejin ya nuna maka inda yake yoyo. Da rana tsaka ka shiga, ka ja ƙofa, ka tsaya har idonka ya saba da duhu. Duk inda haske ya ratso ka ja masa layi da alli. Da yamma a share daɓen tas, da safe kafin kowa ya taka ka leƙa: za ka ga ƙura ta kwanta harshe-harshe daga bakin ƙofa zuwa ciki, inda harshen ya fi tsawo nan ne kafa ta fi girma. Domin sanin kaurin ratar da ke tsakanin ƙyaure da firam, ka mulmula laka ko kwaɓaɓɓiyar fulawa kamar goro, ka naɗe a leda, ka manna a wurin, ka rufe ƙofa ka sa sakata, ka buɗe ka auna kaurin da ta koma. Ka yi haka a sama, a tsakiya da ƙasa, ta kowane gefe. Mutane suna raina rata. Ƙofa mai faɗin mita 3 da ratar santimita 1 kacal a ƙasa, in ka tattara ramin wuri guda, taga ce mai santimita 17 a tsaye da 17 a kwance, a buɗe dare da rana. Ɓera ƙarami kuwa ratar milimita 6 ta ishe shi, kusan kaurin fensir, balle kunama.

Abin da awon nan ke nunawa a yawancin gidaje shi ne ratar ba ɗaya ba ce: sama ta matse, ƙasa ta wage, ko tsakiya ta buɗe baki daga sama. Ƙyauren ya zauna ke nan. Ƙarfe mai faɗin mita ɗaya da rabi a rataye jikin hinji biyu, yara suna lilo a kansa, iska tana buga shi da bango, dole ya sunkuya. Ka auna shi a gicciye, daga kusurwa zuwa kusurwa, ta ɓangarorin biyu. In awon ya bambanta, ya karkace, kuma babu robar da za ta gyara wannan. Mai walda ya ɗaga shi ya daidaita, ya ƙara hinji na uku, ya ja ƙarfe daga kusurwar sama ta wajen hinji zuwa kusurwar ƙasa ta wajen sakata domin ya riƙe nauyin. Duk aikin wuta a gama shi kafin roba ta zo wurin, kuma a fitar da mota da jarkokin mai tun kafin a kunna inji.

Sosonka bai yi laifi shi kaɗai ba. Ƙofar da ke kallon gabas tana shan rana tun hantsi, a watan Afrilu baƙin ƙarfe yakan haura digiri 60 idan rana ta dake shi, gam ɗin bayan soso ya yi laushi ya saki. Ga ƙarfen kansa yana motsi: tsawon mita 3 yana ƙaruwa da kusan milimita 1 idan zafinsa ya tashi da digiri 30, da dare ya koma. Ga shi wataƙila a kan ƙura aka liƙa. Sannan soson da aka fi samu mai shan ruwa ne. Ka jiƙa guntunsa ka matse, in ya zubo da ruwa, da damina zai riƙe danshi a jikin ƙarfe ya jawo tsatsa. Araha ba ta ado. A ƙofar gareji ni ba na yarda da abin da gam kaɗai ya riƙe. Roba ta samu ƙarfe da sukuru ko ribit da za su danne ta.

Robar da ta fi dacewa da ranarmu ita ce wadda ake kira EPDM, baƙa, irin wadda ke zagaye da ƙofar mota da but. Tana jure rana da zafi shekaru ba ta tsattsage ba. Rauninta ɗaya, ba ta shiri da fetur, man gas (dizal) ko baƙin mai, suna sa ta kumbura ta lalace. Wadda aka yi da leda mai tauri, mai sheƙi, tana da kyau a shago, amma rana na busar da ita har ta karye a hannu. In ba ka samu sabuwar EPDM a wajen masu kayan gini ko masu aikin tagogin alminiyam a nan ba, ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ni dai sau da yawa wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci nake zuwa in sayi robar ƙofa ko ta but. Ka lanƙwasa ta biyu ka duba bayan lanƙwasar, in ƙananan tsagu sun bayyana ta mutu, ka ajiye. Ka matsa ƙullin nan mai rami a ciki, in ya dawo da sauri tana da sauran rai. Kyawunta shi ne tana da baki mai ƙarfe a ciki wanda ke cizon gefen ƙarfe da kansa, ba ta neman gam.

Ƙasan ƙofa shi ne rabin aikin, kuma nan zan daɗe. Hanya mafi sauƙi ita ce siket: a yanko roba mai faɗin santimita 8 zuwa 10, kauri milimita 3 zuwa 5, a ɗora ta a gindin ƙyaure ta ciki, a danne da falatba, wato dogon shimfiɗaɗɗen ƙarfe, a ɗaure da sukuru kowane santimita 15 zuwa 20. Tsohon bel mai faɗi irin na injin niƙa yana yin wannan aiki da kyau, domin akwai zare a cikinsa, ba ya yagewa. Tiyub ɗin babbar mota daga wajen mai faci ma yana yi in an ninka shi biyu, sai dai yana naɗewa, kuma bai kai bel daɗewa ba. Ka ce a yi hujin robar dogo, a tsaye, ba zagayayye ba. Ranar da bakinta ya cinye sai ka sassauta sukuru ka sauke ta kaɗan ka ɗaure, ba sai ka sayi wata ba. Ta taɓa daɓe ta ɗan lanƙwasa kawai. In ta yi tsawo tana jan ƙasa, kullum sai an yi kokawa da ƙofa, kuma mai gida ne da kansa zai sa wuƙa ya yanke ta wata rana.

Siket yana aiki ne in daɓe ya miƙe. In ya yi tudu da kwari, ko ƙofa na buɗewa waje kan gangare, abin da ya fi shi ne dokin ƙofa. A sassaƙe daɓe a layin da ƙyamaren ke tsayawa, a binne ƙarfen angul, mai kusurwa kamar harafin L, cikin kankare ya ɗago kamar santimita 2 zuwa 2 da rabi, a yi masa gangare ta ciki yadda taya za ta hau ba tare da duka ba. Idan an rufe, gindin ƙyaure ya zo ya jingina da shi, roba a tsakani. Yanzu iska sai ta yi kwana kafin ta shiga, yashi kuwa a waje yake tsayawa. Amfaninsa na biyu sai damina za ka gani. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, da guguwa a gaba ruwa a baya, shi ya sa magina na da suka fi kula da bangon gabas wajen yaɓe da makuba. Ƙofarka tana fuskar dukan ruwa, a Agusta zai riƙa bin jikinta yana gangarowa gindi. Don haka daɓen waje ya gangara nesa da ƙofa, ko da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. In kana wanke mota a ciki, ka tuna dokin ƙofa yana tare ruwan ciki kamar yadda yake tare na waje, sai a binne ɗan bututu a kusurwa, mai murfi. Siminti kuma a hunturu yana bushewa kafin ya kama, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ana yayyafa ruwa har mako guda, mota ta kwana a waje kwanakin nan.

Tsakiya, inda ƙyamaren biyu ke haɗuwa, a yi wa wanda ake rufewa daga baya leɓe: falatba mai faɗin santimita 4 ko 5 daga sama har ƙasa, ya hau kan ɗan'uwansa, roba a bayansa. Amma leɓe ba ya matsewa sai sakatar sama da ta ƙasa suna shiga raminsu sosai. Ramin ƙasa kullum cike yake da yashi, sakata ta shiga rabi, ƙofa tana kaɗawa duk dare. A binne guntun bututun ƙarfe mai zurfi a wurin, wanda ya fi tsawon sakatar, yashi ya samu inda zai taru kafin a kwashe.

Gefe da sama ba su da wuya. A yi wa firam ɗin matokari na falatba ko ƙaramin angul ta ciki, a cusa robar mota a bakinsa yadda ƙyaure zai zo ya danne ƙullin. Ta ciki nake so, inda rana ba ta gani. Awon lakar nan shi zai gaya maka kaurin da za ka saya: robar ta matsu kamar kashi ɗaya cikin uku idan an rufe. Ka gwada da takarda, ka rufe ƙofa a kanta ka ja. In ta zare salin-alin, ba ta kama ba. In kuma sai an sa kafaɗa kafin sakata ta shiga, ta yi kauri, musamman a gefen hinji, inda roba mai kauri ke tura ƙyaure har walda ta tsage. Wanda ƙofarsa ta turawa ce a kan reli, ko mai naɗewa sama, roba ba ta yi masa a gefe domin gogayya na cinye ta. Buroshi mai dogon gashi a jikin alminiyam shi ne nasa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a gareji maganar a zahiri take. Ka duba inda firam ya haɗu da bulo. Bugun ƙofa na shekaru yakan buɗe tsaga a wurin daga sama har ƙasa. A ƙwaƙule ta, a hure ƙurar, a jiƙa. Babba a cike da siminti, siririya a sa mata abin toshiya na bututu. A nan ka yi hattara da silikon mai warin tsami kamar binega: ba ya kama siminti da kyau, yana cin ƙarfe, fenti kuma ba ya hawa kansa. Ka nemi na foliyuretan, ko silikon marar wannan wari. Duk inda za a sa gam ko silikon a goge da ɗanyen tsumma, a bari ya bushe, a bi da sifirit. Kananzir yana barin maiƙo, ba abin da zai kama a kansa. Ka ɗaga kai kuma ka dubi inda kwano ya kwanta kan bango. Kowane tudun kwano rami ne, in ba a cike su ba ƙurar da ke sauka kan rufin motarka daga nan take.

Yanzu sanyin ɗakin Hajiya. Babbar ƙofa za ta rage shi, amma maganinsa na bangon da ke tsakanin ɗakin da gareji. In akwai ƙofa a wannan bango, ita ce wadda nake so ka toshe ruf, gefe huɗu, da siket a ƙasa, da sifirin da zai riƙa mayar da ita da kansa. Ramukan da aka huda don waya ko bututu a cike su. Sannan ka sa yaro ya hau ya leƙa cikin silin da tocila. A gidaje da yawa bangon yana tsayawa daidai silin, daga nan zuwa kwano fili ne guda tsakanin gareji da ɗakuna. Iska, ƙura, warin fetur da hayaƙi duk ta nan suke ketarawa su sauko ta tsagun silin. A ɗora bulo a kai bangon har kwano. In ƙofar ta katako ce kuma yanzu za a yi aikin, kafinta ya bar mata ɗan sarari: katako a Janairu a tsuke yake saboda bushewar iska, a Agusta zai kumbura, abin da ya zauna daidai yau ya ƙi rufuwa. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara idan ta ji kabon monoksaid. In ka samu, ka rataya ɗaya a ɗakin Hajiya.

Garejin kansa kuwa ba a rufe shi ruf, ko bayan janareta ya fita. Mota tana shigowa da zafi da tururin mai, ga jarkar fetur da kusan kowa ke ajiyewa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, haka ma gas ɗin girki in tukunya na yoyo. A ɗakin da ba ya numfashi, tartsatsin makunnin fitila ya isa. Saboda haka bayan an toshe ƙofa, a buɗe kafofi biyu da gangan, ɗaya kusa da ƙasa, ɗaya can sama ƙarƙashin rufi, da bulo mai huji ko ƙaramar taga mai fuka-fukai masu kallon ƙasa, a sa wayar sauro mai ƙarfi. A yi su a bangon yamma ko na kudu, wanda ya ba hunturu da hadari baya, kuma ya fita fili, ba tsakar wani ɗaki ba. Ƙurar da za ta bi ta nan kaɗan ce in an gwada da wadda ƙofar gabas ke sha, kuma a zafin Afrilu da Mayu za ka gode musu. Abin da ya rage na hazo, rigar mota ta yadi ta ishe shi.

Kulawa sau biyu a shekara ta wadatar, a Oktoba kafin hunturu da Mayu kafin ruwa. A wanke robar da ruwa da sabulu. Kada a shafa mata baƙin mai ko basilin da sunan laushi, su ne ke kashe ta. In tana manne wa fenti, hodar jarirai ko gilisarin ta isa. Hinji a goge tsohon giris ɗin da ya cakuɗe da yashi kafin a sa sabo, domin wannan cakuɗin shi ke cin ƙarfen har ƙyaure ya sake zama. Ka fi sa ido a kusurwoyin ƙasa guda biyu da gindin tsakiya, nan ɓera ke fara ci. In ka ga alamar haƙori, a yanko guntun faranti na kwano ko wayar raga mai kauri, a ɗaure a bayan robar da sukurun da ke wurin, ya rufe kamar tafin hannu daga kusurwar.